Littafin Share Fage a Fannin da Ba Ya Tsayawa: Darasi Daga Wani Daɗaɗɗen Jagoran Koyon Kwamfuta



Gabatarwa

Kowane fanni na ilimi yana da littafin da akan fara buɗe wa mai koyo ido da shi. Wanda ya yi karatun zaure a ƙasar nan ya san Ahalari da Ishmawi a fannin fiƙihu, ya kuma san Ajurumiyya a fannin nahawun Larabci. Ita Ajurumiyya, mawallafinta, Ibn Ajurrum, ya rasu a birnin Fas tun shekarar 1323, amma har gobe ana karantar da ita kamar yadda ya bar ta. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Abin da take koyarwa bai motsa ba. Fa'ili yana nan da rufu'arsa, maf'uli yana nan da fataharsa.

To, akwai wani fanni wanda ba ya kwana inda ya yini, watau fannin kwamfuta, wadda magabatanmu a wannan harka suka laƙaba wa suna na'ura mai ƙwaƙwalwa. A wannan fanni littafin da aka buga bana, kafin baɗi ya soma furfura. Duk da haka an sami wani littafin share fage a ƙasar Amurka wanda aka fara rubuta shi a 1972, aka yi ta sabunta shi har ya haura bugu 30, ya kuma kai shekara 50 yana hannun masu koyo. Tambayar da nake so mu duba a yau ita ce: me ya raya shi, alhali na'urorin da ya fara bayani a kansu duk sun zama kayan gidan tarihi? Amsar tana da amfani ga ɗalibin da ke neman abin da zai koya, da ma'aikacin da aka ɗora wa na'ura a kan tebur, da kuma duk wanda ke da niyyar rubuta wa mutanenmu irin wannan littafi.

Halin da ake ciki kafin littafin

Ba za a gane darajar littafin ba sai an san duhun da ya zo ya tarar. Kwamfutar da ake kira ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a 1946, nauyinta ya kusa tan 30, kuma tana aiki da ƙwayayen lantarki masu kama da ƙwan fitila fiye da 17,000. Irin wannan na'ura sai gwamnati, sai soja, sai manyan kamfanoni. Ko bayan da aka sami harsunan ba kwamfuta umarni, irin su FORTRAN na kamfanin IBM a 1957, da COBOL a 1959, mai koyo ba ya kusantar na'urar. Sai dai ya huda umarninsa a jikin katuna, kowane layi da katinsa, ya tattara ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin na'ura ta taga, ya tafi. Bayan sa'o'i, wani lokaci ma sai washegari, ya dawo ya karɓi takarda. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, takardar ba ta ɗauke da komai sai sanarwar kuskure, sai ya gyara ya sake shiga layi. Wanda ke koyo a irin wannan hali, a mako guda bai fi ya gwada abu sau biyar ko shida ba.

Malamai biyu na sashen lissafi a Kwalejin Dartmouth, John Kemeny da Thomas Kurtz, su suka ga cewa wannan hanya ba ta ɓullewa. Ra'ayinsu shi ne, tun da kwamfuta za ta shiga harkar mulki da ciniki, to, ɗalibin tarihi da ɗalibin adabi ma suna bukatar saninta, domin su ne za su zama masu yanke shawara gobe. Saboda haka suka yi abu biyu. Na farko, suka tsara yadda mutane da yawa za su yi aiki da na'ura ɗaya a lokaci guda, kowa yana zaune gaban abin bugawa mai kama da tafireta, na'urar tana zagaya su da saurin da kowa zai zaci shi kaɗai take saurare. Na biyu, suka ƙago harshe mai sauƙi wanda suka kira BASIC, aka fara aiki da shi ran 1 ga watan Mayu, 1964. Daga nan jiran kwana guda ya koma jiran daƙiƙa kaɗan. Mai koyo ya sami damar yin kuskure sau ɗari a yini, ya gyara sau ɗari, wanda kuwa shi ne koyo.

Littafin da mai shi

Cikin ɗaliban da suka yi karatun lissafi a Dartmouth a wannan zamani akwai Russ Walter, wanda ya gama a 1969. A 1972 ya rubuta ɗan littafi mai shafi 17 kacal a kan yadda ake tsara umarni da harshen BASIC. Wannan shi ne tushen littafin da aka sani da suna The Secret Guide to Computers, watau jagora mai tona asirin kwamfuta. Sunan ma da ba'a a cikinsa, domin manufar littafin ita ce kada a bar wani asiri a hannun ƙwararru su kaɗai.

Ku lura da shekarar. A 1972 kusan babu mai kwamfuta a gidansa. Sai a 1975 aka fito da Altair 8800, wadda Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wa nau'in BASIC, suka kafa Microsoft a kan wannan aiki. A 1977 Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka shiga kasuwa, ko wacce da BASIC a cikinta. A 1981 IBM ya fito da tasa ƙaramar kwamfutar, a 1984 Macintosh ta biyo baya. Duk sa'ad da sabon abu ya fito, sai Walter ya koma kan littafinsa, ya zubar da abin da ya mutu, ya ƙara abin da ya zo. Shafi 17 ya zama ɗaruruwan shafuka, ya haɗa da bayanin sassan na'ura, da yadda ake sayenta ba tare da an cuci mutum ba, da manhajojin ofis, da harsunan umarni iri iri, daga baya kuma da intanet. Shi da kansa yake buga littafin, yana sayarwa da araha, ya kuma yarda masu karatu su kwafi shafukansa su raba. Salonsa na hira ne da raha, kamar wa yana koya wa ƙanensa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ya buga lambar tarhonsa a cikin littafin, ya ce duk wanda ya kakare ya kira shi, dare ko rana, kyauta. Shekara da shekaru yana amsa irin wannan kira. Zan dawo kan wannan batu, domin a ganina nan ne rabin sirrin yake.

Abin da ke mutuwa

Bari mu fara da abin da littafin ya yi ta zubarwa. Wanda ya koyi aikin ofis a shekarun 1980 ya haddace madannan WordStar domin buga wasiƙa, da na Lotus 1-2-3 domin jadawalin lissafi, da umarnin MS-DOS domin kwafe fayil. Duk wannan hadda ta tafi. Kamfanin Commodore, wanda kwamfutarsa ta 1982 ta shiga miliyoyin gidaje, ya karye a 1994. IBM kansa ya sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga Lenovo na ƙasar Sin a 2005. Faifan nan ɗan murabba'i da akan adana aiki a ciki, yau yaro ba ya ganinsa sai a matsayin alamar adanawa a fuskar manhaja. Ita Commodore 64, ma'ajin tunaninta kilobayit 64 ne. Wayar salula mai gigabayit 4 da ke aljihun ɗalibi ta ninka wannan fiye da sau 60,000.

Darasin farko ke nan. Duk ilimin da ya tsaya ga cewa a danna nan sa'an nan a danna can, ilimi ne mai ajali. Yana da amfani, ba a raina shi ba, domin da shi ake cin abincin yau. Amma wanda ya tsaya nan, ranar da aka sauya masa manhaja sai ya koma ɗan koyo, ko da ya yi shekara 20 a kujerar. Zamani riga ne, in ji Hausawa, kuma a wannan fanni ba a daɗe ana sanye da riga ɗaya ba.

Abin da ba ya mutuwa

Sa'an nan mu duba abin da shafuka 17 na farko suka ƙunsa. Ga ɗan misali da na tsara da harshen BASIC, domin tara albashin ma'aikata biyar:

10 LET J = 0
20 FOR N = 1 TO 5
30 INPUT A
40 IF A < 0 THEN 30
50 LET J = J + A
60 NEXT N
70 PRINT J
80 END

Kada baƙin kalmomin su tsorata kowa. Layi na 10 yana cewa a tanadi wani akwati mai suna J, watau jimla, a sa sifiri a ciki. Layi na 20 da na 60 sun kewaye aikin da za a maimaita sau biyar. Layi na 30 yana karɓar albashin mutum ɗaya ya sa a akwatin A. Layi na 40 sharaɗi ne: in adadin da aka shigar ya gaza sifiri, to, kuskure ne, a koma a sake tambaya. Layi na 50 yana ƙara abin da ke cikin A a kan abin da ke cikin J. Bayan zagaye na biyar, layi na 70 ya buga jimlar.

A cikin waɗannan layuka takwas akwai abubuwa huɗu: akwatin ajiya mai suna, da bin umarni ɗaya bayan ɗaya, da sharaɗi, da maimaici. A 1966 wasu masana biyu na ƙasar Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa duk aikin da kwamfuta za ta iya yi ana iya gina shi da ukun ƙarshen nan, watau jeri da sharaɗi da maimaici. Manhajar banki da ta asibiti da wadda ke cikin wayarku, duk da waɗannan tubala aka gina su. Wanda ya buɗe littafin koyon Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991 wanda jami'o'i da yawa ke fara koyarwa da shi, zai tarar da su nan a babi na farko da na biyu, sun sake tufafi kawai.

Tunanin ma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kalmar algoridim, wadda ke nufin jerin matakai bayyanannu na warware matsala, daga sunan Al-Khawarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Akawun da ke tara lissafi a littafin kuɗi yana bin algoridim ko bai san sunan ba. Bambancin kawai shi ne akawu yana da hankalin da zai ce wannan adadi bai yi kama da gaskiya ba, ita kuwa na'ura ba ta duba komai sai abin da aka ce ta duba. In aka cire layi na 40, za ta haɗiye kowace irin ɓarna ta buga jimla ba tare da ko gezau ba. Darasi na biyu ke nan: littafin ya rayu domin gindinsa yana kan abin da ba ya sauyawa, ko da yake rassansa suna kakkaɓe ganye kowace shekara.

Tambayar mai koyo

Yanzu mu koma ga tarho. Babbar cutar masu rubuta littafin share fage ita ce mantuwa. Mutum in ya ƙware, yakan manta inda ya yi tuntuɓe sa'ad da yake koyo, sai ya tsallake mataki uku yana zaton ɗaya ne. Ku dubi layi na 50 na misalinmu. Duk ɗalibin da ya yi lissafi a sakandare zai ce wannan ƙarya ce, yaya J zai yi daidai da J da ƙarin A? Ƙwararre ba ya ganin matsala a nan, domin ya daɗe da sanin cewa alamar ba daidaito take nufi ba, umarni ce: a ɗauki abin da ke dama a zuba a akwatin da ke hagu. Amma a daidai wannan wuri masu koyo da yawa suke yanke ƙauna, su ce abin ba nasu ba ne.

Marubucin da ke amsa kiran masu karatunsa ba ya samun damar wannan mantuwa. In mutum goma suka kira a kan shafi ɗaya, ya san laifin na shafin ne, sai ya gyara a bugu na gaba. Ashe ke nan masu koyo su ne suka yi ta tace littafin. Mai tambaya ba ya ɓata, haka ne. Amma wanda ake tambaya ma yana tsira daga ɓata. Darasi na uku ke nan, kuma ya shafi kowane malami da ke cikin wannan zaure, ko wane fanni yake koyarwa.

Sukar da aka yi

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Edsger Dijkstra, shahararren masanin kwamfuta na ƙasar Holan, ya yi kakkausar suka a 1968 a kan umarnin nan da ke sa na'ura ta yi tsalle daga layi zuwa wani layi, kamar yadda layinmu na 40 ya yi. A 1975 kuma ya bayyana ra'ayinsa cewa wanda ya fara da BASIC ya ɗauki miyagun ɗabi'un da ke da wuyar kankarewa. Yana da hujja. Tsarin umarni mai layi dubu wanda ke cike da tsalle-tsalle yakan zama kamar zaren da kaza ta shiga, mai shi ma ba ya gane kansa. Harsunan da suka biyo baya, har da sababbin nau'o'in BASIC ɗin kansa, sun karɓi wannan gyara.

Sai dai Dijkstra yana maganar yadda za a horar da ƙwararru ne, su kuwa Kemeny da Kurtz da Walter suna maganar yadda za a buɗe wa jama'a ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma sai an shuka shi tukuna. Abin da ya kamata littafin share fage ya yi shi ne ya shigar da mutum cikin sauƙi, sa'an nan ya gaya masa gaskiya cewa akwai sauran tafiya a gaba.

Akwai kuma sabuwar suka. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya rubuta wa mutum tsarin umarni in ya faɗi abin da yake so da harshen yau da kullum. Wasu suna cewa to, me ya rage a koya? Amsata ita ce, waɗannan manhajoji suna yin kuskure, kuma sukan kawo kuskuren cikin shiga ta kamala. Wanda bai san aikin layi na 40 ba, ba zai lura ba in aka ba shi tsarin da babu shi. Shugaban da bai iya karatu ba, duk abin da magatakarda ya kawo sai ya sa hannu.

Inda abin ya shafe mu

Wani zai ce wannan duk labarin Amurka ne. To, tun 2015 ɗalibi ba ya shiga jami'a a Nijeriya ta hanyar jarrabawar JAMB sai ya zauna gaban kwamfuta. Tun 2007 kuma Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS. Makomar ɗalibi da abincin ma'aikaci sun riga sun shiga cikin na'ura. Bari in kawo misalai biyu daga Ingila, ƙasar da ba ta rasa ƙwararru ba, domin a ga abin da rashin ilimin share fage ke jawowa.

A 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tattara sakamakon gwaji a cikin tsohon nau'in fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, sauran sunaye suka zube ba tare da an lura ba. Mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga lissafi a kan lokaci ba, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Cewa kowane akwati yana da iyaka, darasin makon farko ne.

Misali na biyu ya fi muni. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 a Birtaniya bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda wata manhaja mai suna Horizon ta nuna giɓi a asusunsu. An ɗaure wasu, wasu suka tsiyace. A 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Shekara da shekaru manyan jami'ai sun gaskata na'ura sun ƙaryata mutane. Duk wanda ya taɓa rubuta layi takwas da hannunsa, ya ga yadda harafi ɗaya ke juya jimla, ba zai yarda a ce masa kwamfuta ba ta kuskure ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, a taƙaice abubuwa uku suka raya wannan littafi: ya yarda ya zubar da abin da ya mutu, ya riƙe tushen da ba ya mutuwa, ya kuma bar kunnensa a buɗe ga mai koyo.

Ga ɗalibai, shawarata ita ce kada ku tsaya ga haddar madannai. Ku zaɓi harshen umarni ɗaya, ko wanne ne, ku rubuta ƙananan abubuwa da hannunku har akwati da jeri da sharaɗi da maimaici su zauna muku. Ga ma'aikata, ba a ce ku zama injiniyoyi ba, amma in an kawo muku takardar da na'ura ta buga, ku tambaya: wa ya shigar da adadin, wane sharaɗi aka sa, me zai faru in an yi kuskure, wa zai gano? Ga malamai da masana harshe kuma, in za a rubuta wa mai karanta Hausa irin wannan jagora, kada a jira sai an haɗa kundi mai shafi dubu. Wancan da shafi 17 ya fara. A fara da kaɗan, a kai shi aji, a saurari inda yara suka kakare, a gyara, a sake bugawa, a kuma tanadi wanda zai ci gaba da gyaran bayan mai shi ya gaji. Sannu ba ta hana zuwa.